Shekarar da Na Ƙulla wa Rahma Ƙawance

Suhaila, gyara zama ki rubuta yadda na faɗa, kada ki yi mini kwaskwarima. Inda sunanki ya fito ma ki bar shi, ai kina ciki. Wannan na shekarar da kakanku ya rasu ne, kuma ina so 'ya'yanku su ji shi daga bakina, domin a unguwarmu ta Hindawiyya an ba da labarin nan iri-iri. Wasu har cewa suke yi an kori ƙanwarki Rahma daga makaranta. Ba a kore ta ba. Kuskure ne aka yi, kuma ni na fara shi.

Kakanku tela ne, kun sani. Shagonsa yana ƙasan benen da muke haya, ina jin ƙarar kekensa daga inda nake girki. Abin da ba kowa ya lura da shi ba shi ne, tun ranar da aka sa Rahma a makarantar 'yan mata bai taɓa bari ta tafi ita kaɗai ba. Zai rufe shago, ya ɗauki jakarta, su bi ta bayan masallaci, su wuce mai gasa burodi, ya tsaya a tsallaken titi har sai ta shige koren ƙyauren makarantar an rufe. Babanku ya sha ce masa yarinya ta girma, shekara goma sha biyar ba jaririya ba ce. Sai ya ce ai ba ita yake rakawa ba, ƙafarsa yake miƙewa. Wata Litinin bayan la'asar na ji keken ya yi shiru, shirun ya yi tsawo. Na aika ki ki duba. Ke kika fara ganinsa ya kifa kansa a kan keken, yadi a hannu. Shekara arba'in da 'yan kai muna tare, tun daga ƙauyenmu na ƙasar Damagaram har bakin tekun nan, bai yi mini sallama ba. Bari in share fuskata. Ki rubuta cewa na yi kuka a nan, ba na ɓoyewa.

Wata huɗu da kwana goma na takaba, mutum ɗaya ce ba ta yi fashin zuwa ba. Sunanta Tabawa, ki rubuta, amma ni ban taɓa kiranta da shi ba, Ƙawa nake ce mata, ita ma haka take ce mini. Kullum daga unguwar Ruwais take tasowa da gwiwarta mai ciwo. Ta wanke mini tufa, ta tsefe mini kai, in na ƙi cin abinci ta zage ni tas har in ci. In ina kuka ba ta cewa in yi haƙuri, sai ta zauna ta ɗauko shinkafa tana tsincewa har in gama.

Ƙawancen nan namu ba haɗuwar hanya ba ce, ƙulla shi aka yi. A garinmu in yarinya ta ga wadda ranta ya kwanta da ita, sai ta gaya wa kakarta. A zuba goro da lalle da turare a faifai a kai gidansu, a ce wance tana neman wance da ƙawance. In an yarda, a sa musu lalle rana ɗaya, a ɗinka musu kaya iri ɗaya, su ci abinci a kwano ɗaya a gaban manya. Kafin mako ya zagayo ita ma wadda aka nema ta mayar da nata faifan. Sai faifai ya dawo ƙawance ke cika. Daga nan ita ce za ta riƙe ki ranar aurenki, ita ce a kanki ranar haihuwa, in kin riga ta mutuwa ita za ta zuba miki ruwa. Ni da Ƙawa aka yi mana haka kafin mu san mene ne aure, aka raba mana awarwaron azurfa, ɗaya a hannuna ɗaya a nata. Ga shi nan, ya siranta, amma bai taɓa fita ba.

Da na fita takaba sai na lura Rahma ta rame. Ba ta magana, ba ta son fita da safe. Abin da ke sa ta dariya ɗaya ne, zuwan Nu'aima, 'yar ajinsu, 'yar wasu mutanen Chadi da ke layin bayanmu. Yarinya ce siririya mai kunya, in ta gaishe ka sai ka matso kafin ka ji. Ita ta karɓi rakiyar da kakanku ke yi ba tare da kowa ya sa ta ba, tana biyo wa Rahma su tafi tare. Sai na ce a raina, ni ma tafiya zan yi wata rana, bari in bar wa yarinyar nan irin abin da ya riƙe ni. Akwai wata atamfa shuɗiya da kakanku ya saya mini kafin ya rasu, na kasa ɗaurawa, in na taɓa ta sai hawaye. Na raba ta biyu aka ɗinka musu. Na kai faifai wa mahaifiyar Nu'aima, ta yi ta dariya, ta ce rabon da ta ga wannan tun tana ƙarama a gidan kakarta. Ranar Juma'a da yamma muka hau saman bene, mu mata kawai. Na zana musu lalle, suka sa kayan, Ƙawa ta fesa musu turare, suka ci shinkafa da kaza a kwano ɗaya, Rahma ta ba Nu'aima loma a baki kamar yadda ake yi. Ranar ce na fara dariya tun rasuwar kakanku. Ke kuma, Suhaila, kika ɗauke su hoto, kika ɗora a waya inda kowa ke gani, har da ɗan zanen zuciya a ƙasa. Kada ki sunkuyar da kai. Ke kin ga abu mai kyau kin nuna, ni kuma ban san cewa zamani ya sauya ma'anar abin ba.

Ranar Lahadi, farkon mako a nan, suka koma makaranta. Abin da ya faru a kwana uku na farko sai daga baya na ji, domin Rahma ba ta faɗa ba. Hoton ya zaga ajinsu ya tsallaka wasu azuzuwan. 'Yan mata suka ja kujerunsu nesa da su. Aka rubuta wata kalma a kan teburinta wadda ba zan maimaita ba. Aka jefa jakar Nu'aima a ruwan bayan gida. Rahma tana dawowa tana shiga banɗaki da lemun tsami tana gurzar hannunta don lallen ya fita, ni kuwa ina faɗa mata ta daina ɓata mini aikina. Ranar Laraba, ana saukowa daga bene bayan tashi, wata ta tura ta daga baya. Ta gangaro matakala shida, wuyan hannunta ya karye. Aka kira babanku daga wurin aiki ya kai ta asibiti aka ɗora.

Da suka dawo na zauna kusa da ita ina tambayar me ya haɗa ta da mutane. Ta juya fuska bango. Ke kika amsa, da Sitti ɗin nan da kuke kira na, wato kaka.

"Sitti, cewa suke yi aure kika ɗaura musu."

"Aure da wa?"

"Da juna. Rahma da Nu'aima."

Na yi dariya, wallahi na yi, na ɗauka irin shirmenki ne. Na ce mace ta auri mace, wa zai biya sadaki, wa zai yi cefane? Kika ce mini ba wasa ba ne, akwai ƙasashe can nesa da ake yin haka har da takarda, auren jinsi ake ce masa, kuma babu yarinyar da ke riƙe waya da ba ta taɓa ganin hotonsa ba. Mata biyu, kaya iri ɗaya, ɗaya tana ba ɗaya abinci a baki. Sai na daina dariya, domin abin da kika siffanta shi ne abin da na shirya da hannuna.

Na tambaye ki ku me kuke cewa a kan abin a tsakaninku. Kika ce a ajinku kusan kowa na cewa haramun ne, ke ma haka kika sani, ba mai gardama a fili. Wasu kuma suna cewa can ƙasarsu ce, ruwansu, mu ba ruwanmu. Amma abin da ya fi yawa, kika ce, ba ra'ayi ba ne, tsoro ne. Kowace yarinya tana tsoron kada a laƙa mata sunan, shi ya sa take rige-rigen laƙa wa wata. In kika riƙe hannun ƙawarki a fili sai a fara kallo. In kika yi gajeren aski sai a fara raɗa. Kika ce akwai wata a ajinku da aka matsa wa bara har ta daina zuwa, ba wanda ya san gaskiya ne ko ƙarya, ba wanda ya tambaya.

Sai Rahma ta juyo, idonta ja, ta yi magana a karon farko.

"Sitti, kowa sai cewa yake yi ƙarya aka yi mini, ƙarya aka yi mini. Na sani. To da gaskiya ne fa? Da sai ya halatta a turo ni daga bene?"

Ban ba ta amsa ba a lokacin. Ni ban yi karatu ba. Abin da na sani shi ne abin da addini ya hana ya hanu, ban tashi na ji wani abu daban ba, kuma har gobe ban sauya ba. Amma tambayar yarinyar nan ta zauna mini a rai. Na dubi hannunta a naɗe da farin abin ɗori, yatsun a waje da sauran lallena, na rasa ta inda zan ce i.

Babanku ya ce a bar maganar. Ba na zarginsa, ku ma kada ku zarge shi. Ya ce mu baƙi ne ko da an haife shi a nan, iƙamar gidan gaba ɗaya, wato takardar zamanmu, tana rataye da kafilinsa, ɗan ƙasar da ya tsaya masa, kuma irin wannan zargi a ƙasar nan ba abin wasa ba ne, in ya fita daga makaranta ya shiga kunnen da bai dace ba ba wanda ya san inda zai tsaya.

"Inna, ki rufa mini asiri," ya ce. "Ta zauna a gida shekarar nan. In abu ya lafa a nema mata wata makarantar. Halas, shi ke nan."

"In ta zauna a gida me za su ce?"

"Su ce abin da suke so."

"Cewa za su yi gaskiya ne, an ɓoye ta. Kuma gobe su sami wata su tura."

"Wata ba 'yata ba ce."

"Mahaifinka ba don 'yarka kaɗai yake tsayawa a bakin titin nan ba. Sai ya ga ƙyaure ya rufu a kan kowa yake juyowa."

Ya tashi ya fita. Tun da na haife shi ban taɓa tsallake maganarsa a kan gidansa ba sai ranar.

Na kira Ƙawa na faɗa mata. Ta ce to yanzu mu da muka fi shekara hamsin muna ci a kwano ɗaya, ashe matan juna ne ba mu sani ba, ina kayan lefenta? Na ce ba lokacin wasa ba ne. Ta ce ta sani, ƙarfe nawa za mu tafi.

Ranar Lahadi da safe muka kama hanya, ni da ita da ke, domin Larabcina na kasuwa ne, ya ishe ni sayen albasa amma bai ishe ni wannan ba. Rahma ta ce za ta bi mu. Na ɗauki faifai, na zuba goro da lalle da turare, na rufe da mayafi. Muka bi ta bayan masallaci, muka wuce mai gasa burodi. Ya gan ni ya dafa ƙirji ya yi wa kakanku addu'a, ya ce kullum shi yake fara yi masa sallama. Na kusa komawa gida a nan. Ƙawa ta kama gwiwar hannuna ta ce, "Yalla, mu je, ki yi kukanki muna tafiya."

Ban taɓa shiga makaranta ba a rayuwata sai ranar. Na ga matakalar, na ƙirga su da idona. Aka kai mu wurin shugabar makarantar, mudira suke ce mata, wata dattijuwa mai gilashi. Na lura tun farko ta ji labarin, kuma ta so a ce faɗuwa yarinya ta yi. Na buɗe faifan a kan teburinta na ba ta labarin garinmu, kina fassarawa. Muka miƙa mata hannuwanmu ta ga awarwaron. Ta jujjuya nawa, ta jujjuya na Ƙawa. Sannan ta ce ita ma kakarta tana da wata aminiya a tsohon gari da ba sa rabuwa, ɗaya ta rasu ɗayar ba ta yi wata biyu ba ta bi ta. Ta ce za ta hukunta wadda ta yi turin. Na ce na gode, amma ba wurinta kaɗai na zo ba, ina so in ga 'yan ajin.

Sun kai talatin, duk sun zuba mana ido, tsofaffi biyu baƙaƙe da faifai. Kujerar Nu'aima ba kowa, mahaifinta ya hana ta zuwa tun ranar Laraba. Na sake ba da labarin. Wata daga baya ta ɗaga hannu ta tambaya ko mun taɓa aure.

"Gaya mata na binne biyu," in ji Ƙawa. "In tana da kaka namiji mai sauran ƙarfi a gida, ina dubawa."

Ajin ya fashe da dariya, har malamarsu. Sai aka zo kaina. Na ce musu nawa ɗaya ne, shi ne tsohon da kuke gani a tsallaken titi da jakar Rahma, kuma shuɗin yadin da kuka gani a hoto shi ne abu na ƙarshe da ya saya mini. Wasu suka sunkuyar da kai. Ashe sun san shi. Ɗaya ta ce ya taɓa ɗinke mata abaya da ta yage a ƙyaure bai karɓi komai ba.

Wadda ta tura Rahma doguwa ce, tana zaune kusa da taga. Ba wanda ya nuna mini ita, kukanta ya nuna ta. Ta ce ita ba ta yi nufin karaya ba. Ta ce da can ita ma tana zama da su, da hoton ya fito sai aka fara cewa ita ce ta uku, ta ji tsoro, ta so kowa ya ga ba ta tare da su. Na tuna maganarki ta tsoro, Suhaila, na ga ba ki yi ƙarya ba.

Sai na ce ina da magana ta biyu. Na ce abin da kuka zata ba shi ba ne, kun ji kun gani. Amma ko da a ce shi ne, ba wadda Allah ya ba hannu a cikinku don ta turo 'yar mutane daga bene. Kuna da iyaye, kuna da malamai, akwai Mai hukunci a sama da kowa. Uwa tana aiko 'yarta nan ne don ta dawo mata da ƙafafunta da hannuwanta, kowace ce ita, kome aka ce ta yi.

Kika tsaya, ba ki fassara ba. Kika raɗa mini, "Sitti, wannan ta biyun a bar ta."

Na mintsine ki a cinya. Ki rubuta wannan ma. Kika faɗa musu duka, kuma na san ba ki rage ba domin na ga fuskar mudira ta sauya. Ta gyara gilashinta ta ce, "Kun ji abin da Hajiya ta ce." Ba ta ƙara ba, ba ta rage ba. Na dubi Rahma a bakin ƙofa. Amsar tambayarta ce na kawo mata, a makare, a gaban mutane. Ta gane.

Ba zan ce komai ya gyaru ba. Rahma ta ci gaba da zuwa, ba wadda ta sake taɓa ta, an sa malama tana tsayawa a matakala lokacin tashi. Amma raɗa ba ta mutu rana ɗaya ba, akwai waɗanda har ta gama makarantar ba su zauna kusa da ita ba. Babanku ya yi kusan wata biyu gaisuwa kawai ke haɗa mu, yana jiran abin da zai biyo baya. Allah ya rufa asiri, ba abin da ya biyo, amma na san baccin da na hana shi. Babban abin da aka rasa Nu'aima ce. Mahaifinta ya ce sunan 'yarsa ya ɓaci a unguwa, ya kwashe iyalinsa suka koma unguwar Kurayyat, can nesa da mu, ya karɓe wayarta. Faifai bai dawo ba. Na so in ba jikata ƙawa, sai na raba ta da wadda take da ita. Wannan nauyin nawa ne, ba na ɗora wa kowa.

Daga ranar na karɓi aikin kakanku. Kullum da safe ni ke ɗaukar jakar Rahma, mu bi ta bayan masallaci, in tsaya a inda yake tsayawa har ƙyaure ya rufu. Tana cewa, "Sitti, hannuna ya warke fa." In ce ai ba ke nake rakawa ba. Ita ta san sauran maganar, sai mu yi dariya, wani lokaci mu yi kuka.

Bayan Sallar layya, wata takwas ke nan, Ƙawa ta shigo da rana tana haki, da wata leda a hammata. Ashe duk watannin nan tana hawa mota zuwa Kurayyat da gwiwar nan tata, wai ziyarar wata 'yar garinsu, tana zama da mahaifiyar Nu'aima, tana gaida mahaifin har ya gaji da ɗaure fuska. Ba ta taɓa gaya mini ba. Ta ajiye ledar a gaban Rahma ta ce saƙo ne. Faifai ne ƙarami, da goro, da ƙullin lalle, da kwalbar turare, an rufe da ƙyallen shuɗiyar atamfar nan da aka yanko daga bakin zane. Ba takarda, ba komai. Rahma ta dube ni.

"Sitti, mako ɗaya kika ce. Ya wuce."

"Wa ya ƙirga? Ya dawo, ya cika."

Ta riƙe ƙyallen ta daɗe. Sannan ta miƙo mini hannun da ya karye, ta ce in kwaɓa lallen. Ina kwaɓawa na ga kin ɗauko waya, kin saba. Kafin in buɗe baki kika dube ni, kika dubi ƙanwarki, kika kifa wayar a kan tabarma, kika matso kika riƙe mini kwanon.